Ɗacin Minko, Sunan Abessolo

Ranar Talata labarin ya iske Eyenga. Tana zaune a ƙasa cikin ɗakin girki, kan busasshen ganyen ayaba, wata uku da kwana tara ke nan da binne mijinta Minko. Ba takalmi a ƙafarta, ba tsifa ba kitso, kamar yadda takaba ta ce. Tana ɓarar gyaɗa sai ta ji ihu ya tashi daga rumfar maza, irin wanda ake yi idan an ci ƙwallo a rediyo. Ba ta ɗaga kai ba. Mai takaba ba ta leƙe.

Can sai ga Nyangono ta shigo tana haki. Ƙanwar Minko ce, ita dangi suka ɗora wa tsaron takabar, kuma ta riƙe aikin hannu bibbiyu. Mace ce mai jiki, mai baki, ko gaisuwa za ta yi sai ta haɗa da tsiya.

"Matarmu, kin ji abin da ake ciki kuwa?"

"A ina zan ji? Ba ke kika ce ko tari na yi da ƙarfi sai na biya kaza ba?"

"An ambaci garinmu a rediyo, daga Yawunde. Masu binciken nan da suka zo bara. Wai sun sami wani abu a cikin ɓawon itacen akwel da ba a taɓa gani ba a duk duniya, wai yana kashe ƙwayar zazzaɓi a cikin kwalba. Har sun raɗa masa suna."

Hannun Eyenga ya tsaya cak a kan gyaɗar. Tun ranar jana'iza ba ta ji wani abu mai ɗumi a ƙirjinta ba sai yanzu.

"Sun sa masa Minko," ta ce.

Nyangono ta dubi murhu, ta gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

"Abesolin suka ce. Sau biyu mai rediyon ya faɗa. Wai don girmama Papa Abessolo, babban masanin dajin Nkolasi, wanda ya nuna musu itacen."

Eyenga ta yi wata dariya marar daɗi, har gyaɗar ta zube daga cinyarta. Mai takaba ba ta dariya, amma Nyangono ba ta ambaci kaza ba.

Masanin daji! Abessolo! Yayan Minko ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma shi tun yana ƙarami aka kai shi makarantar mishan, daga nan ya zama akawun masu sayen koko a Ebolowa, ya yi shekara talatin a bayan tebur. Da ya yi ritaya ya dawo mana da kwat, da lema, da Faransanci. Rabonsa da ƙetare rafi tun kafin ya yi gemu. Mutumin da idan ya ga layin kwarkwasa a tsakar gida sai ya hau benci ya kira mata. Minko ne uban nasu ya koya wa itatuwa, domin shi ne ya zauna a gida, shi ne ya bi shi daji yana ɗauke da adda tun bai kai tsawon addar ba.

Ga yadda abin ya faru. Da damina bara mota ta tsaya a ƙofar Abessolo, domin baƙo a gidan babba yake sauka. Mace ce ta fara fitowa, Dakta Ngo Bilong, siririya mai tabarau, sai wani dogon Bature da rana ta dafa masa wuya. Aka zauna a rumfa, aka kawo bammi, suka tambaya wane ne ya san itatuwan zazzaɓi a garin nan. A wurinmu, inda wa yake zaune ƙane ba ya amsa tambayar baƙo. Babba ne bakin gida. Abessolo ya gyara kwat ya ce, "Kun zo wurin mai shi." Minko yana bayansa a kan gungume yana wasa addarsa, bai ce uffan ba. Ba wanda ya ga aibu a nan, har ita Eyenga.

Washegari ruwa ya ɓarke, ya yi kwana huɗu bai ɗauke ba. Rafi ya cika ya batse, baƙi suka dube shi suka dawo rumfa. Minko ne ya ƙetare ta kan itacen da ya faɗi, ruwa na dukan gwiwarsa, Eyenga na binsa da kwanduna biyu. Tafiyar yini guda suka yi kafin su kai.

Akwel iri biyu ne. Ganyensu ɗaya, jikinsu ɗaya, ko ka jera su ba za ka raba ba. Ɗaya na banza ne, ko ka sha tukunya guda fitsari kawai za ka yi. Ɗayan ne na gaske. Minko yakan sare shi kaɗan da adda, ya zauna ya ci bobolo guda ɗaya, ƙullin rogon nan da ake dafawa a ganye, yana jira. Idan saran ya tashi daga fari ya koma launin manja, sai ya ɗora ɗan sassaƙe a harshe. Da fari ba ka jin komai. Sai ka yi kamar za ka tofar, sannan ɗacin ya taso ya shaƙe ka a maƙogwaro. To shi ne. Kuma ba ya ɓare itace zagaye. Faɗin tafin hannu daga gabas, faɗin tafin hannu daga yamma, ya shafe wurin da laka, ya wuce na gaba. Itace goma sha ɗaya suka bi kafin kwandunan su cika.

Da suka dawo, jiƙe sharkaf, Minko ya sauke kwandunan a ƙofar yayansa, domin abin da ya fito daga daji ƙofar babba yake fara gani. Ya tafi wanka. Baƙi suka yi ta murna, suka ce to yanzu suna son ganyen itacen, su kuma ga inda yake tsaye. Abessolo ya ɗauki lemarsa ya ja su bayan coci, inda wani ƙaton akwel yake tun zamanin kakanni. Ya yanko musu reshe da 'yar wuƙarsa ta aljihu. Bature ya danne ganyen a cikin jarida, ya rubuta wurin a wata na'ura, ya ɗauki hoton Abessolo ya dafa itacen kamar ya dafa kafaɗar ɗansa.

Eyenga ta hango su daga bakin ɗaki. Ta sami Minko yana goge jiki ta ce, "Na bayan coci fa yake nuna musu. Na banza."

Minko ya yi dariya. "To in je in kunyata yayana a gaban baƙi? Ganye ne kawai, mace. Ai ba ganyen za su dafa ba."

Tarin da ya kwaso wajen ƙetare rafin nan bai sake shi ba. Ya yi rani da shi, aka kai shi asibiti sau biyu, da damina ta zagayo ya tafi. Ko a kan gadon mutuwa yakan ce, "Ko mutanen nan sun ga wani abu a ɓawon nan?" Ya so ya ji. Bai nemi ko sefa ɗaya ba, ji kawai ya so ya yi.

To ga shi an ji, kuma sunan wani aka kira.

Makon nan a Nkolasi ba a yi aikin kirki ba. Abessolo ya yanka akuya. Ran Lahadi fasto ya tsayar da shi a gaban jama'a aka yi masa tafi. Samari suka fara ce masa Dakta, da fari da wasa, shi kuwa ya amsa da gaske. Aka aiko masa da takarda daga Yawunde mai hotonsa da itacen, ya sa aka yi mata gilashi ya rataye a rumfa. Ya aiko wa Eyenga cinyar akuya, ta ce a mayar, cikinta ba ya karɓar nama.

Da yamma sai ga shi da kansa a bakin ɗakin girki. Bai shigo ba, hayaƙi yana ɓata masa kwat.

"Matar ƙanena, an ce kin mayar da nama."

"Na mayar, Yaya."

"Abin alheri ya sami gidanmu, ke kina ɗaure fuska. Sunan nan ai na gida ne. Ni da marigayi jini ɗaya ne. An kira ni, an kira shi ke nan."

"To da an kira shi ma ai an kira ka, Yaya."

Ya tsaya yana kallonta, ita tana kallon ƙasa yadda ya kamata.

"Takaba tana taɓa kan mata," ya ce wa Nyangono. "Ki riƙa kula da ita."

Bayan wata guda masu binciken suka aiko da mota, suna son buhu bakwai. Abessolo ya tara samari bayan coci ya tsaya da lema yana ba da umarni. Suka ɓare itacen nan zagaye, daga gindi har inda tsani ya kai, suka bar shi fari tas kamar an tuɓe tsoho a kasuwa. Itacen da aka ɗaura auren rabin garin a inuwarsa. Kafin wata biyu ganyensa ya zube. Eyenga ta ji labari a inda take zaune, ta ce ko na banza ne bai ci wannan wulaƙanci ba.

Sai ga Dakta Ngo Bilong ta dawo, ita da direba kawai, ba Bature. Wannan karon ba ta sha bammi ba. Nyangono ce take kai da kawo tsakanin rumfa da ɗakin girki, tana kawo labari da zafinsa.

"Matarmu, babu! Buhu bakwai, ko ƙwaya babu. Ta ce sun dafa, sun tace, sun sake tacewa, ruwa kawai. Can ƙasar Turawa har an fara cewa ƙarya suka yi."

"Shi Daktan namu me ya ce?"

"Ya ce wata ne bai tsaya daidai ba. Da ta matsa, ya ce an yi wa itacen baki. Da ta ƙara matsawa, ya ce akwai wani a cikin daji, gobe zai kai ta."

Ya kuwa kai ta. Da takalmin coci ya shiga. Ba su kai rafi ba ya taka kwarkwasa, aka jiyo kururuwarsa har gonakin koko, ya fito a guje yana tuɓe wando a gaban baƙuwa. Ranar har Nyangono sai da ta kwanta a ƙasa don dariya. Da ta tashi ta share hawaye, ta tafi wurin Dakta da ke zaune a mota ta dafe kai, ta ce mata, "'Yata, ni ban yi makaranta ba. Amma in ni ce, wadda ta goyo kwandon zan je in tambaya."

Haka Dakta Ngo Bilong ta shigo ɗakin girki. Ta sunkuya ta gaishe da Eyenga, ta yi mata ta'aziyya, ta ƙi kujera ta zauna a kan turmin da aka kife.

"Mama, an ce ke kika ɗauko ɓawon nan na farko."

"Na ɗauki kwando ɗaya. Mijina ya ɗauki ɗaya. Shi ya sare."

"Daga itacen bayan coci?"

"Daga bayan coci mutum yake jiƙewa har wuya?"

Dakta ta cire tabarau ta goge. Ta buɗe jaka ta fito da 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. A gindinta akwai wani farin gari, ko gishirin da za a sa wa ƙwai ɗaya ya fi shi yawa.

"Wannan ne ya rage, Mama. Daga kwandunanku biyu. Mun shanya, mun niƙa, mun jiƙa, muka yi wata takwas muna tacewa muna rabawa, muna zubar da abin da aka riga aka sani, har wannan ya fito shi kaɗai. Irinsu muna ce musu alkaloyid, dangin kwinin ne, su ne ɗacin da ke cikin itace. Muka aika waje aka duba ƙirarsa, aka ce ba a taɓa rubuta irinsa ba. Amma kafin a san ko zai yi wa mutum magani, sai an sami mai yawa."

Eyenga ta miƙa hannu. Dakta ta ba ta. Eyenga ta riƙe kwalbar a tafin hannu, ba ta da nauyin komai. Tafiyar yini biyu, da rafi, da tari, da mutum guda, ga abin da suka koma. A jikin kwalbar an manna 'yar takarda. Eyenga aji uku ta yi, amma ta gane A ɗin farko, kuma ta san ba da shi sunan mijinta yake farawa ba.

"'Yata, in tambaye ki. Ranar da aka kawo ɓawon nan, kina nan?"

"Ina nan, Mama."

"Ƙafar wa kika gani da laka?"

Dakta ta dubi ƙafafunta. Eyenga ta ci gaba.

"Ke da kike ganin abin da ke cikin ɓawo, abin da ido ba ya gani, ba ki ga laka a ƙafar mutum ba? Yana tsaye a gabanki ruwa na zuba daga rigarsa. Har sannu kika yi masa. Kin tambaye shi sunansa?"

"Ban tambaya ba. Na ɗauka ɗan aike ne."

"Ɗan aike."

"Laifina ne, Mama. Ba ni da abin cewa."

"Akwai abin cewa. Ki kankare wannan, ki rubuta Minko. Gobe da safe in takabata ta bari, in kai ki har gindin itacen, in nuna miki yadda ake gane shi. Ba na son kuɗinki, ba na son akuya."

Dakta ta juya tabarau a hannunta. Ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, abin ba ya yiwuwa. Sunan da aka riga aka buga ya shiga littattafan duniya, ba a janye shi. Ko ita da ta raɗa ba ta da iko a kansa yanzu. Duk wanda zai yi magana a kan abin nan, a kowace ƙasa, har bayan ransu, abesolin zai ce.

"Har bayan ranmu," in ji Eyenga.

"Amma akwai abin da zan iya. A takarda ta gaba za mu rubuta godiya. Mu ce muna godiya ga marigayi Minko."

"Nuna mini inda ake rubutawa."

Dakta ta fito da takardar farko, shafi shida. Ta nuna mata sama, inda sunan abin yake da manyan baƙaƙe. Ta juya, ta juya, har shafin ƙarshe, ta sa farce a can ƙasa kan wasu layuka ƙanana kamar ƙwan tururuwa.

"Nan," in ji Eyenga. "Wa kuka gode wa a wannan?"

"Wanda ya ba mu mota. Da direba."

"To. Ya zauna a bayan yayansa yana da rai, ya mutu kuma ku zaunar da shi a bayan direba."

Inuwa ta rufe ƙofa. Abessolo ne, ya sauya wando, ƙafafunsa sun kumbura da cizo. Ashe yana tsaye yana ji.

"Eyenga! Wace irin rashin kunya ce wannan a gaban baƙuwa? Abin da ƙanena ya sani na gidan ubanmu ne, ba naki ba. Ke aure ya kawo ki. Za ki faɗa wa Dakta inda itacen yake, yanzu."

"Ai kai ne masanin daji, Yaya. A rediyo aka faɗa, sau biyu. Ni mace ce mai ɓarar gyaɗa."

"Kin san ni ne zan sa ranar fitarki daga takaba? Wallahi sai ki shekara biyu a kan ganyen nan!"

Eyenga ta ɗaga kai ta dube shi a ido, abin da ba ta yi wa namiji ba tun ranar jana'iza.

"In shekara goma. Ina sauri in je ina? Wanda nake yi wa kitso yana ƙarƙashin ƙasa. Shekara da shekaru yana kawo maka nama ƙofa, yana kawo maka zuma, kai kana ci kana gyara masa Faransanci. Abu ɗaya tak ya mallaka da ba naka ba, shi ma ka sa hannu ka dafa aka ɗauke ka hoto. Da ka buɗe baki ka ce, ga ƙanena, shi ya sani, me zai ragu a jikinka? Kwat ɗin zai yage?"

"Ku ji ta! Nyangono, kina tsaye tana zagina?"

Nyangono ta riƙe ƙugu. "Ni ban ji zagi ba, Yaya, tambaya na ji. Kuma maganar takaba, kai rana kake sawa, amma wanka da aski nawa ne. Ran da na ga dama zan kai ta rafi, in ka isa ka biyo mu. Akwai kwarkwasa a hanya."

Direba da ke tsaye a waje ya kasa riƙe dariya. Abessolo ya juya yana ɗingishi, yana faɗin wani abu da Faransanci da ba wanda ya tanka.

Dakta ta bari ƙura ta lafa, sannan ta matso.

"Mama, ki bar ni, ki bar shi. Ki tuna yara. Zazzaɓi yana kashe yara kullum. Wannan abin wataƙila ya zama magani."

"Kada ki koya mini zazzaɓi, 'yata. Na binne biyu kafin Minko ya yarda ya koya mini itacen. Tun daga nan ban sake binnewa ba, kuma duk uwar da ta zo ƙofar nan da ɗa mai zafin jiki ba ta koma hannu sake ba. Itacen yana aikinsa tun ba a haifi Baturenki ba. Ku ne kuka zo jiya."

"To me zan yi? Faɗa mini abin da zan iya."

Eyenga ta yi tunani. Ta miƙa mata kwalbar.

"Kin ce littafi ba ya kankaruwa. To, na ji. Rediyo fa? Bakin da ya faɗa ai yana nan. Ki koma ki sa ya ce an yi kuskure. Ya ce itacen da ke hoton na banza ne, mutumin da ke hoton bai san komai ba, wanda ya sani sunansa Minko, ɗan Nkolasi, ya rasu. Sau biyu, yadda aka faɗi wancan. Ran da na ji da kunnena, ki zo da takalmin daji."

Dakta ta karɓi kwalbar. Ta ce idan aka faɗi haka, an faɗa wa duniya ke nan cewa ganyen da suka ajiye ba shi ba ne, wurin da suka rubuta ba nan ba ne, takardar da ke ɗauke da sunanta da na Bature da na shugabanta tana da rami a tsakiya. Ta ce akwai manya a samanta.

"Kowa da yayansa ashe," in ji Eyenga.

"Zan yi ƙoƙari, Mama."

"Yi. Ina nan, ba inda za ni."

Ta ba ta bobolo huɗu da ƙullin gyaɗa ta ci a hanya, domin baƙuwa ce, kuma ta zauna a kan turmi ba ta yi ƙyama ba.

Nyangono ta cika maganarta. Da wata tara ya cika ta kai Eyenga rafi da hantsi, ita da matan dangi, aka yi mata aski aka yi mata wanka, aka ƙone ganyen ayabar. Abessolo bai zo ba, ba a kuma neme shi ba.

Damina biyu ke nan yanzu. An yi ta labarai a rediyo, na ƙwallo, na zaɓe, na farashin koko, ba a ce an yi kuskure ba. Sau ɗaya wasu samari biyu suka zo da na'ura da jaka, suka yi mako suna sarar duk akwel ɗin da suka gani a wannan gefen rafi, suka tafi da buhuna. Ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sau ɗaya kuma Dakta ta aiko da wasiƙa, fasto ya karanta wa Eyenga. Gaisuwa ce, da cewa maganar tana hannun manya. Takardar Abessolo tana nan rataye a rumfa, gilashin ya tsage, kuma har yau idan baƙo ya zo sai ya tashi ya nuna masa. Itacen bayan coci ya faɗi da iskar bara, ya fasa rufin makewayi.

Eyenga takan ƙetare rafi ita kaɗai, sau biyu a shekara, ba ta faɗa wa kowa rana. Akwai masu cewa taurin kai ne, har fasto ya yi wa'azi a kan yafiya yana kallon bencinta. Ta saurara har ƙarshe. Ita ba ta ce ba za ta yafe ba. Ta ce a faɗi sunan tukuna.

Bangon ɗakin girkinta na ƙasa ne, ta wajen da ruwa ke bugu. A can sama, daidai inda hannunta ya kai idan ta yi ɗage, ta rubuta baƙaƙe biyar da gawayi, kowanne ya kai tafin hannu. Raɓa da feshin ruwa ba sa barinsu su kwana biyu. Kullum da safe, idan ta hura wuta, kafin ta ɗora tukunya, sai ta zaro gawayi ɗaya ta fita ta bi kansu. M ɗin yana fita da kyau. K ɗin ne har yanzu yake karkacewa.